An kama shi, an tsare shi, an ɗaure shi: ba magana ɗaya ba ce

Wata safiya wata dattijuwa maƙwabciyarmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, mai koko da ƙosai a bakin hanya, ta faɗo gidanmu ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba. "Malam, sun ɗaure mini yaro." Na ce, "Hajiya, zauna tukuna. Shekara nawa aka yanke masa?" Ta ce ita dai ba ta ji an ambaci shekaru ba, ta ga an sa shi a mota an nufi kurkuku da shi, alƙali kuma ya faɗi wata rana. Sai da na bi sawun maganar har la'asar na gane ba a ɗaure kowa ba. An tuhumi yaron da sayen wayar sata, ya musanta, alƙali ya ɗage zama zuwa mako biyu, ya ce a ajiye shi kafin ranar. Amma kafin in dawo unguwa labari ya riga ni isowa: ɗan Hajiya ɓarawo ne, an kai shi fursuna. Har mata sun fara shiga yi mata jaje.

Tun ranar nake juya abin a raina. Mu mutanen Zongo, unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Gana, ba baƙin shari'a ba ne. Kakanninmu da suka zo Kumasi fataucin goro sun zo da alƙali da shaida da hujja da rantsuwa da diyya a bakinsu, kalmomin da suka daɗe da zama Hausa. To amma kotun da muke tsayawa gabanta yau ta Gana ce, da Turanci take magana, tsarinta kuma daga Ingila aka gado shi. Sai mu ɗauki kalmarmu ta gida mu ɗora a kan tasu, mu zaci an dace, alhali wani lokaci tsakaninsu akwai ramin da mutum zai faɗa ya yi watanni bai fito ba.

A fara da abin da ya faru da yaron nan. Zargi daban, tuhuma daban, hukunci daban. Zargi shi ne wani ya nuna ka da yatsa, 'yan sanda suna bincike. Tuhuma ita ce an rubuta laifi takamaimai a takarda, da sashen dokar da aka ce ka karya, an karanta maka a gaban alƙali. Hukunci kuwa sai bayan an saurari shaidu, ko kai da bakinka ka amsa. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 19, ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifin ko shi ya amsa shi. Saboda haka wanda aka kai kurkuku yana jiran shari'a ba ɗaurarre ba ne. Hausa ma tana da kalmarsa tun da, zaman waƙafi, wadda yaranmu suka manta suka koma cewa "an ba shi riman". Ɗaki ɗaya ne, sauro ɗaya ne, na sani, kuma ba zan ce wa uwa ta kwantar da hankali don kawai suna ya bambanta ba. Amma mai zaman waƙafi ƙofar beli a buɗe take gare shi, kuma babu tabon laifi a kan sunansa. Iyalin da suka zaci an riga an ɗaure ɗansu sukan naɗe hannu su koma addu'a kaɗai, a daidai lokacin da ya kamata su miƙe neman lauya da masu tsaya masa.

Kafin ma a je kotu akwai awa 48. Sashe na 14 ya ce duk wanda aka kama, idan ba a sake shi ba, a kai shi gaban kotu cikin wannan wa'adi, kuma a faɗa masa nan take, cikin harshen da yake ji, dalilin kama shi da haƙƙinsa na samun lauya. An daɗe ana kama mutum ranar Juma'a da yamma a ce sai Litinin, wai Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi. A 2019 Kotun Ƙoli ta raba wannan gardama a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar: awa 48 awa 48 ce, har da ƙarshen mako da ranakun hutu.

Beli shi ne inda muka fi shan wahala, don haka zan daɗe a kansa. Da yawanmu sun ɗauka beli kuɗin fansa ne, ka biya a sako maka mutum, magana ta mutu. A'a. Beli alkawari ne cewa wanda aka saki zai dawo duk ranar da aka neme shi, shari'a kuma tana nan ba ta je ko'ina ba. Idan alƙali ya ce belin sidi (kuɗin Gana) dubu 20 da mutum biyu masu tsayawa, a mafi yawan lokuta ba cewa ya yi a zube kuɗin a teburi ba. Cewa ya yi mutum biyu su sa hannu cewa idan wannan ya gudu, wannan adadi ya zama bashi a wuyansu. Na ga iyali suna shirin sayar da firiji da keken ɗinki don haɗa kuɗin da ba wanda ya ce su kawo. Belin da ake bayarwa a ofishin 'yan sanda lokacin bincike kuwa kyauta ne a doka, duk wanda ya ce a ba shi wani abu kafin ya buɗe ƙofa, aljihunsa yake yi wa aiki.

Mai tsayawa shi ma ya san abin da yake ɗauka. Ba shaidar halin kirki ya je bayarwa ba, wuyansa ya miƙa. A Zongo kunya takan sa mutum ya tsaya wa ɗan maƙwabcin da bai san inda yake kwana ba, yaro ya tsallaka iyaka, a bar dattijo da sammaci. Wani lokaci kuma alƙali yakan ƙara sharaɗi, cewa mai tsayawa ya nuna takardar gida ko fili, ko ya zama ma'aikacin gwamnati. A nan ne talakan Zongo yake maƙalewa, domin gidajenmu da yawa na gado ne, mutum talatin ke da haƙƙi a ciki, takarda kuwa ko babu ko tana da sunan kakan da ya rasu tun zamanin Nkrumah. Sai a ce an ba mutum beli, amma yana nan a ciki wata uku. Dokar da ke tsara shari'ar laifuka, wadda aka fi sani da lamba 30 ta 1960, ta hana a tsananta sharuɗɗan beli fiye da kima, ta kuma hana a hana beli don kawai a horar da mutum. Lauya yana iya komawa ya roƙi a sassauta, ko ya tafi Babbar Kotu. Mutane ba sa nema ne saboda ba su san ana nema ba.

Da can akwai jerin laifukan da aka ce sam ba a belinsu, irin su kisan kai da fashi da fyaɗe. A 2016 Kotun Ƙoli ta soke sashen dokar da ya tsara hakan, a wata ƙarar ta Martin Kpebu ɗin dai. Ba a ce kowa zai sami beli ba. An ce alƙali ne zai duba: zai gudu, zai tsoratar da shaidu, zai sake aikata laifi? Har yau ina jin mutane a bakin masallaci suna yanke wa kansu ƙauna da cewa "wannan ai ba ya da beli", maganar da ta daina zama gaskiya shekaru da suka wuce. Kuma zaman waƙafi ba wasa ba ne a ƙasar nan. Yawan waɗanda aka manta da su a kurkuku, wasu har takardunsu sun ɓace, shi ya sa aka fara a 2007 wani shiri da alƙalai ke shiga gidajen yari, irin su Nsawam da na nan Kumasi, suna zama a ciki suna duba maganarsu.

Sai tambayar da ta fi kowace hatsari: ka amsa laifi ko ba ka amsa ba? Mu an rene mu da ladabi. Babba ya tsare ka da magana, abin da ke fitowa a bakinka shi ne "a yi haƙuri, ranka ya daɗe", ko da kai ne da gaskiya. A zauren Sarkin Zongo wannan ladabi ne, yana sanyaya zuciya. A kotu ana iya rubuta shi a matsayin amsa laifi, kuma da zarar an rubuta, ba sauran kiran shaida, sai yanke hukunci. Wani kuma a raɗa masa a kunne cewa ya amsa kawai a gama da wuri, alƙali zai tausaya. Akwai abin da ake kira amsawa tare da bayani, mutum ya ce "na yi, amma ga dalili". Idan bayanin ya nuna akwai kariya, misali ya sayi wayar ne a kasuwar Kejetia da farashin kasuwa bai san ta sata ba ce, alƙali ya kamata ya rubuta cewa bai amsa ba, a shiga shari'a. Amma wannan ya dogara ga bayanin ya isa kunnen alƙali daidai. A nan maganar tafinta ta shigo. Tsarin mulki ya ba duk wanda ba ya jin harshen kotu haƙƙin tafinta kyauta. Ɗan Zongo yana jin Tiwi, harshen mutanen Asante, amma na ciniki, sai a tambaye shi ko yana ji ya ce e, don kada a ce ya cika fitina. Tiwin sayen doya daban, Tiwin da za ka kare kanka daga ɗaurin shekaru daban. Wanda Hausa ce harshen da yake tunani da shi, ya ce Hausa yake so, ya tsaya a kan haka. Kuma cewa "ban amsa ba" ba ƙarya ba ce ko rashin kunya, ma'anarta kawai: ku kawo hujjarku.

Kalmar ƙara ita ma guda ɗaya ce a bakinmu, a kotu kuwa gida biyu ce. Akwai ƙarar laifi, akwai ƙarar haƙƙi tsakanin mutum da mutum, kamar bashi, fili, haya, gado, aure. A ƙarar laifi, duba takardar za ka ga an rubuta Jamhuriya, wato ƙasa, ita ce ke ƙarar wane. Wanda aka cuta, wanda ya kai maganar ofishin 'yan sanda, shaida ne kawai. Babban Lauyan Gwamnati ne mai ikon gurfanarwa bisa sashe na 88 na tsarin mulki, 'yan sanda masu gabatar da ƙara a ƙananan kotuna da izininsa suke aiki. Shi ya sa idan dattawa suka zauna suka sasanta, mai ƙorafi ya je ya ce "na janye", wani lokaci a ce masa ba taka ba ce balle ka janye. Dokar kotuna ta 1993 ta yarda alƙali ya ba da damar sulhu a ƙananan laifuka, irin faɗan maƙwabta da bai yi muni ba. Manyan laifuka ba sa ciki. Lalata da yarinya 'yar ƙasa da shekara 16 hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne, kuma ba abin da liman ko mai unguwa ko kawu zai rufe a zaure da sunan rufin asiri. Ina faɗin wannan da ciwo a raina, don na san sau nawa ake rufewa, kuma yarinyar ce kullum ke biyan kuɗin sulhun da rayuwarta.

A ɗaya gefen kuma, bashi ba laifi ba ne. Wanda ya karɓi kaya bashi kasuwa ta karye masa, maganarsa ta kotun haƙƙi ce, ba ta ɗakin tsarewa ba. Damfara ce laifi, wato tun farko da ƙarya ya karɓa. Mu kanmu mukan kai ɗan'uwa wurin 'yan sanda don a tsorata shi ya biya, sannan gobe a yi mana mu yi kuka.

Shaida da hujja kuwa, a nan ne gadonmu ya fi kusa da nasu, kuma a nan ne ya fi ruɗarwa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ƙa'idar nan ta hadisi, cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musanta. Rabin farko kotun Gana ta yarda da shi: wanda ya kawo ƙara shi zai tabbatar. A ƙarar laifi sai ya tabbatar har ba sauran shakka mai ma'ana, a ƙarar haƙƙi kuwa ya isa a ga ɓangaren da maganarsa ta fi rinjaye a sikeli. Shi ya sa ake iya sakin mutum a shari'ar laifi, a kuma ci shi diyya a shari'ar haƙƙi kan abu guda, mutane su ce shari'a saɓanin hankali. Rabi na biyu ne babu. A gaban alƙalin Musulunci rantsuwa tana iya kashe magana. A nan kuwa dafa Alƙur'ani buɗe baki ne kawai, bayansa lauyan ɗaya ɓangaren zai taso da tambayoyi, ya juya ka gaba ya juya ka baya. Dattijo yakan fusata, ya ce na rantse da Littafin Allah kuma yaron nan yana ƙaryata ni? Ba raini ba ne, aikinsa ke nan, haka za a yi wa shaidan abokin gaba. Mace ɗaya shaida ce cikakkiya, wanda ba Musulmi ba haka, kuma a yawancin shari'u shaida guda yana isa idan alƙali ya gaskata shi. Abin da ba ya da nauyi shi ne "an ce". Gani ya kori ji, wannan karin maganar tamu kotu ma da ita take aiki.

Ita kanta kalmar shari'a a Zongo ma'ana biyu take ɗauka, zaman kotu da kuma dokar Musulunci. Gana ba ta da kotunan shari'ar Musulunci irin na arewacin Najeriya. Inda wannan ya fi cizo shi ne gado. Musulmi ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, iyali suka kira malamai aka raba bisa farilla, kowa ya yarda, shi ke nan lafiya. Amma da mutum ɗaya zai ƙi, ya tafi kotu, dokar gado ta 1985 mai lamba 111 za a buɗe. Ita kuwa cewa ta yi kayan ɗaki na matar aure da 'ya'ya ne, gida idan ɗaya ne nasu ne tare, sauran dukiya a kasa 16: 3 na abokin aure, 9 na 'ya'ya, 2 na iyaye, 2 a bi al'ada. Ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace ba. To ga wasiyya. A fiƙihu wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. A dokar wasiyya ta Gana ta 1971, takarda ce da mutum ke tsara makomar duk abin da ya mallaka da guminsa, a rubuce, da sa hannunsa a gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci guda. Kalma ɗaya, abu biyu. Dattijo yakan ce shi ba ya bukatar wasiyya tunda Allah ya riga ya raba. Alhali wannan takardar ce hanyar da zai bi ya rubuta cewa a raba dukiyarsa yadda addininsa ya tsara, ta yadda kotu za ta sami abin riƙewa. Haka auren Musulmi: akwai dokar rajistarsa tun 1907, wadda ta ce a yi cikin mako guda da ɗaurawa, amma kaɗan ne suke yi, sai ranar da rigima ta tashi a fara neman takarda.

Zama gaban Sarkin Zongo ko liman bai zama banza a idon doka ba. Dokar sasanci ta 2010 ta san da hukuncin gargajiya a maganar haƙƙi: idan ɓangarori biyu suka yarda da kansu a yi musu hukunci, aka saurari kowa, abin da aka yanke yana ɗaure su, ba a tashi daga baya a ce ban ji daɗi ba. Don haka kafin mutum ya zauna, ya tambaya: shawara za a ba mu, ko hukunci za a yanke?

Sauran kalmomin ba sa bukatar dogon bayani. Tara ta gwamnati ce, diyya ta wanda aka cuta ce, biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Sammaci kira ne, ƙin amsa shi ke jawo takardar kamu. Ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a ba ce da za ka kwaso sababbin shaidu, kotun sama tana duba rubutaccen abin da ya gudana ne ta ga ko an yi kuskure, tana da wa'adi, kuma shigar da ita kaɗai ba ya dakatar da hukunci sai an roƙa. Afuwar shugaban ƙasa a sashe na 72 na tsarin mulki yafiya ce, ba shaidar cewa ba ka yi ba. Wanda ba ya da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya ga marasa hali, tana da ofishi a Kumasi, ko da yake lauyoyinta ba su kai yawan masu bukata ba.

Yaron Hajiya ya sami beli a zama na biyu, kawunsa da wani malamin makaranta suka tsaya masa. Aka yi ta ɗagewa, mai wayar bai zo ba, sau uku, sau huɗu. Daga ƙarshe alƙali ya kori ƙarar ya sallame shi. Hajiya ta zo da murna, "Malam, an wanke shi!" Na yi jim, don ban so in rage mata daɗi, amma dole na faɗa mata. Sallama daban, wankewa daban. Wanda aka saurari shari'arsa har ƙarshe aka ce ba shi da laifi, an wanke shi, kuma sashe na 19 ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifi. Wanda aka sallama saboda masu ƙara ba su kawo shaida ba, a doka ana iya sake dawo da maganar, ko da yake sau da yawa ba a dawowa. Ta ce, "To yanzu mai laifi ne ko ba mai laifi ba?" Na ce ba mai laifi ba ne, bai taɓa zama ba, ko ranar da aka sa shi a mota. Washegari muka koma wurin magatakardan kotu tare da yaron, muka nemi kwafin umarnin alƙali mai hatimi. Yana neman aikin gadi a wani kamfani, kuma a unguwa har yanzu akwai masu ce masa wanda aka ɗaure. Takardar tana cikin leda a ƙasan akwatin Hajiya, tare da katinta na asibiti.